Na samu gurbin karatun DO a Amurka, kawuna ya ce ɗori zan koyo

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na gama digirin farko a Amurka, na samu gurbi a makarantar likitanci mai ba da digirin DO (Doctor of Osteopathic Medicine), zan fara a watan Agusta. Tun da na faɗa a gida hankalina bai kwanta ba. Kawuna ya ce ɗori kawai za a koya mini, babana har ya fara cewa in haƙura in nemi MD, digirin likitancin da aka fi sani, baɗi. Me zan tarar a can, kuma me zan ce musu?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki ki haɗa kayanki. Mai DO cikakken likita ne a duk jihohin Amurka 50. Yana rubuta magani, yana tiyata, kuma tun 2020 tsarin horon ƙwarewa ɗaya suke bi da mai MD. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitancin ƙasar a irin makarantarki suke.

Shekara biyun farko aji ne da ɗakin gawa, biyun ƙarshe asibiti. Jarrabawar COMLEX, ta samun lasisin masu DO, dole ce a kanki. In kina hangen fanni mai cunkoso kamar tiyatar ƙashi, ki haɗa da USMLE, jarrabawar lasisin masu MD. Abin da ba a cika gaya wa 'yan mata ba shi ne darasin aikin hannu, wato jinya ta hanyar matsa da motsa tsoka da gaɓoɓi, kimanin awa 200. A jikin junanku za ku koya: yau ke ce mai laluben haƙarƙarin wani, gobe ke ce kwance a gadon gwaji, kuma maza da mata a haɗe. Rubuta wa ofishin ɗalibai tun yanzu ki ji iyakarsu kan sutura, kada ki bari sai ranar.

Sai maganar kawu, wadda na gaji da ji. Sunan fannin, osteopathy, shi ne ke ruɗa mutane, don tushensa kalmar Girkanci ce mai nufin ƙashi, tun lokacin da Andrew Taylor Still ya buɗe makarantar farko a Kirksville ta jihar Missouri a 1892. A Ingila kuma masu wannan suna ba likitoci ba ne. Amma ni ba rainin ne ke damuna ba. Bakin da ya ce ɗori kike koyo, shi zai turo miki yaron maƙwabta da karyayyen hannu ranar da kika zo hutu. Kada ki taɓa. Aikin hannun da za ki koya na ciwon baya ne da sanƙarar wuya da makamantansu, kuma karaya tana cikin wuraren da aka hana yin sa.

Mun sha ganin ƙarshen abin. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, a jera masa karare a ɗaure tamau da tsumma, ba hoto ba komai. Hannu ya kumbura a cikin ɗauri, jini ya kasa wucewa. Yaro na ihu cikin dare, manya na cewa ƙashi ne ke kamawa. Kamawar me? Sai yatsu sun yi sanyi sun yi baƙi, wari ya fara tashi, sannan a nufo asibiti ana roƙon likita ya yi wani abu. Karayar da filasta za ta warkar cikin 'yan makonni, a ƙare da yanke hannu, sannan a zagaya gari ana cewa asibiti ba su iya komai ba sai yanka. In kin ga yatsu sun sauya launi, ko yaro ya kasa motsa su, ko ciwo ya ƙi lafawa, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Shi kuwa baba, tura masa jadawalin zangon farko ya karanta da kansa.