Ɗalibai Na Zarewa Daga Ajina, Ina Gyaran Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji ɗaya a jami'a. Farkon zango ɗakin lacca cika yake yi maƙil, amma kafin mako na shida kujeru da yawa sun zama fayau. Wasu ma barin makarantar suke yi gaba ɗaya. Me zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ɗalibi ba ya barin karatu rana guda. Lacca ɗaya yake fara fashi, ta gaba ta shige masa duhu, kunya ta hana shi tambaya, sai a neme shi a rasa. Tun 1975 masanin nan na Amurka, Vincent Tinto, ya bayyana cewa wanda bai saje da karatun ba, bai kuma saba da mutanen makarantar ba, shi ya fi saurin tafiya. Kai ke ganinsu kowane mako, don haka kai za ka fara ganin alamar.

Fara da laccar kanta. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniya da lissafi. Inda malami ke magana shi kaɗai, kashi 33.8 cikin ɗari na ɗalibai sun faɗi. Inda ake sa su aiki a cikin aji, kashi 21.8 ne. Wanda ya faɗi kwas a zangon farko kuwa, ƙafarsa ɗaya tana waje.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Eric Mazur ya fito da ita a ajinsa na fiziks a Jami'ar Harvard a farkon shekarun 1990. Yi bayani na minti 10 zuwa 15, ka tsaya. Jefa tambaya ɗaya mai zaɓi huɗu, kowa ya yi tunani shi kaɗai na minti ɗaya, sannan su amsa a tare. Idan fiye da kashi 70 sun dace, wuce gaba. Idan ƙasa da kashi 30 ne, sake bayanin ta wata fuskar. Idan tsakani ne, kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta, su yi muhawara na minti biyu, a sake amsawa.

Abu biyu ke ɓata wannan tsari. Na farko, tambayar hadda: idan abin da kake nema ma'anar kalma ce, babu abin muhawara. Tambayi abin da zai faru idan aka sauya kaza. Na biyu, ɗaga hannu, domin kowa zai saci kallon haziƙin ajin ya bi shi. A rubuta A, B, C, D a takarda, kowa ya riƙe tasa a ƙirji yadda kai kaɗai za ka gani.

Sai gwaji da wuri. Malamai da yawa suna jira sai tsakiyar zango, lokacin da mai nutsewa ya riga ya nutse. Yi ɗan gwaji a mako na uku, makinsa kada ya wuce 5 cikin 100, ka mayar da sakamakon cikin kwana bakwai. Wanda ya faɗi, ko ya yi fashi sau biyu a jere, aika masa gajeren saƙo da sunansa: «Ban gan ka a aji ba, lafiya? Zo ofishina ranar kaza, ƙarfe kaza.» Faɗin rana da lokaci yana da muhimmanci, domin ɗan aji ɗaya ba kasafai yake da ƙarfin halin ƙwanƙwasa ƙofar malami da kansa ba. Kuma ban da faɗa. Idan ta bayyana matsalar kuɗin makaranta ce ko rashin lafiya, wannan ya wuce hurumin lacca, ka haɗa shi da ofishin kula da harkokin ɗalibai a ranar.

Tambaya: Ɗalibaina sun haura 300, kuma ba ni da mataimaki. Yaya zan san ko suna fahimta?

Amsa: Malama, ba sai kin duba takardar kowa ba. Minti biyu kafin a tashi, kowa ya rubuta a guntuwar takarda abin da ya fi rikita shi a laccar yau, ba tare da suna ba. Ɗebi 30 ko 40 ki karanta, za ki ga abu biyu ko uku ne ke ta maimaituwa. Ki buɗe lacca ta gaba da su. Idan kika karɓa sau biyu ba ki waiwayi abin da suka rubuta ba, karo na uku farar takarda za su miƙo miki.