Bashin NELFUND zai ishi ɗanka a ABU?

Malam, ka tambaya ko bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, zai ɗauke maka nauyin karatun yaronka a ABU, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Zai rage, amma ba duka ba. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ba ya biyowa ta hannunku. Na kashewa kuma naira 20,000 ne a wata, in ya nema. To, yaron da bai samu ɗaki a cikin makaranta ba, sai haya a Samaru, ga abinci, ga kuɗin mota. Wallahi dubu ashirin ba ta kai shi ƙarshen wata.

Kuma bashi ne fa, ba kyauta ba, duk da babu ruwa a ciki. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Don haka gara yaron ya haɗa da neman tallafin karatu na jiharku.