Amsa ga mai shirin zuwa karatu Louisiana kan maganar guguwa

Salam ƙanina. Na ga saƙonka, ka ce ka samu admishan a Louisiana amma Hajiya ta ga bidiyon guguwa a Facebook hankalinta ya tashi, kana tambaya wai da gaske har makaranta ake rufewa.

Eh ana rufewa, amma ka kwantar mata da hankali, guguwar ba ta zuwa bagatatan, kwanaki ake yi ana sanarwa. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da sabon ɗalibi ke sauka ko hanyar kanti bai gama sani ba, kuma daidai lokacin da ake fara ƙwallon jami'o'i. Ba irin tamu ba fa, tasu ta Amurka da ake rungume ƙwallo a ruga da ita sanye da hular kwano. Filin wasan jami'ar jihar Louisiana (LSU) a birnin Baton Rouge na cin mutum sama da dubu 100, kuɗin da ke yawo ranar Asabar ɗaya kuwa ba a magana. Shi ya sa ni da ƙwallon nake auna tsananin guguwa, duk ranar da ka ji an ɗage wasa ko an kai shi wani gari to ka daina jan ƙafa, mutanen nan ba sa taɓa wasan nan sai ta ɓaci.

A 2005 da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans, jami'ar Tulane rufewa ta yi zangon karatu guda cur, ɗalibai suka watsu wasu jami'o'i, 'yan ƙwallonta suka buga wasa 11 a filaye 11 daban-daban. A 2021 guguwar Ida ta zo a rana iri ɗaya, 29 ga Agusta, wasan da jami'ar Oklahoma za ta zo bugawa da Tulane aka mayar da shi can gidansu, ɗalibai aka kwashe su a bas zuwa Houston, lacca ta koma intanet. Kai ko kan duwatsu ba a tsira ba, a 2024 guguwar Helene ta sa jami'ar Appalachian State da ke yankin duwatsun North Carolina ta soke wasanta da Liberty.

To abin da ya shafe ka shi ne, Ba'amurke in an ce a fice motarsa zai tayar ya tafi gidan iyayensa, kai ba mota ba dangi, otal ya cika, gidajen mai layi har titi, kanti ka shiga ka tarar kantar ruwan gora da burodi wayam. Kuma in aikin cikin makaranta kake yi na awa 20 a sati ɗin nan da bizar ɗalibai ta F-1 ta yarda, ko a kantin abinci ko a filin wasa, galibi awar da ba ka yi ba ba kuɗi. Kar ka ce ai mun saba da ɗauke wuta a gida, a nan in ta tafi girki da firji da iyakwandishan duk sun tsaya, ga zafi mai gumi.

Kana sauka ka sa fasfo da I-20 (takardar da makaranta ke ba ka don neman biza) a leda mai zif, ka ajiye tsabar kuɗi don kati ba ya aiki in ba wuta, ka yi rajistar saƙon gaggawa na makaranta a wayarka, ka je masallaci ranar Juma'a ka san mutum ko ɗaya mai mota. Kafin ka biya kuɗin hostal ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka tambaye su ina suke kai wanda ba shi da wurin zuwa. In kuma haya za ka kama a waje ka guji ɗakin da ke ƙasan bene, inshorar 'yan haya yawanci ba ta biyan ɓarnar ambaliya.