Wayar da ke Gano Tsagewar Kankare

Tambaya: Injiniya, ni ɗan kwangilar gini ne. Na ji ana binne wata waya a jikin gada ko ginshiƙi, ta riƙa nuna inda kankare ya tsage. Da gaske ne? Kuma ta dace da benen da nake ginawa?

Amsa: Da gaske ne, Alhaji. Dama kankare mai rodi ba ya rasa ƙananan tsaga, faɗinsu ne abin dubawa. Ƙa'idar gini ta Turai, Eurocode 2, ta tsayar da milimita 0.3 a yawancin gine-gine. In tsaga ta zarce haka, ruwa na samun hanyar kaiwa ga rodi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki.

Wayar, irin ta dish ce, amma an sauya mata gini. Masu bincike a Jami'ar Missouri-Rolla ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Genda Chen, sun naɗe ta da siririn ƙarfe, zagaye bayan zagaye. Ana yanka ɗan kwari a fuskar kankare, a kwantar da ita, a rufe da siminti. Da kankare ya buɗe, sai ya ja naɗin ya rabu a daidai wurin. Na'ura kan tura ɗan bugun lantarki cikin wayar, wurin da ya rabu ya maido da wani sashensa kamar amsa-kuwwa. Bugun na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka lokacin dawowarsa ke faɗin nisan tsagar, ƙarfinsa kuma ya nuna girmanta. Abin da ya fi burge ni: bayan girgizar ƙasa nauyin gini kan matse tsaga har ido ya kasa ganinta, amma naɗin yakan riƙe alamar.

Matsalarta, bugun na raunana in wayar ta yi tsawo. A doguwar gada ko madatsar ruwa an fi amfani da zaren gilashi mai ɗaukar haske, wanda ke kai kilomitoci, sai dai zafi da sanyi na shafar awonsa, dole a cire tasirinsu a lissafi.

Batun benenka kuwa, ban ba ka shawarar amfani da ita ba. Na'urar karatun na da tsada, tana buƙatar gwani, kuma inda aka tsage kawai take nunawa, ba dalili ba. Ka sa kuɗin a gwajin ƙasa, rodi mai inganci da shayar da kankaren ruwa aƙalla kwana 7. In ka ga tsaga a karkace kusa da inda bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) ya hau ginshiƙi, ka tsayar da aiki, ka kira injiniya ya duba.