An ba su lasisi, to me ya sa dam ɗin ke ɓallewa?

Tambaya: Malam, kamfanonin haƙar ma'adinai ai ba sa fara aiki sai hukuma ta duba batun muhalli ta ba su lasisi, to ya aka yi har yanzu muke jin dam ɗinsu ya ɓalle ya kashe jama'a?

Amsa: Da farko dai wannan ba irin dam ɗin ruwa ba ne da ake ginawa sau ɗaya a gama. In an niƙa dutse an cire ƙarfe ko zinare, abin da ya rage caɓi ne, ruwa da garin dutse, shi ake tarawa, kuma hanya mafi araha ita ce a dinga ɗora sabon bango a kan tsohon caɓin da ya ɗan sha iska, shekara da shekaru yana hawa. Sama a bushe, ciki kuwa jiƙe sharkaf. Ranar da matsin ruwan ciki ya yi yawa sai tarin ya narke lokaci guda ya kwararo.

Haka ta faru a Brumadinho ta ƙasar Brazil ran 25 ga Janairun 2019, dam ɗin kamfanin Vale, mutum 270 suka rasu. Ɗakin cin abincin ma'aikata a gindin dam ɗin yake, lokacin abincin rana ne, jiniyar gargaɗi ko ƙara ba ta yi ba. Kuma fa a Satumban 2018 wani kamfanin bincike na Jamus ya sa hannu cewa dam ɗin lafiya lau. A jihar Minas Gerais dai, inda Brumadinho take, irin wannan dam ɗin na garin Mariana ya riga ya ɓalle tun 2015 ya ci mutum 19, amma ba a ɗau darasi ba.

Ni a ganina matsalar ita ce wanda ake bincika shi ke biyan mai binciken, wa zai so ya ɓata wa kwastoma rai? Chile ta hana irin wannan gini tun 1970, Brazil sai da aka yi asarar rayuka. A 2020 an fito da ƙa'idar duniya kan waɗannan dam-dam, ta ce dole a samu babban jami'i da alhakin ke wuyansa da masu duba masu zaman kansu, sai dai ba doka ba ce, sai kamfanin da ya ga dama.

Don haka in an nuna maka lasisi, tambayi wa ke karanta na'urar auna matsin ruwa duk wata, kuma su wa ke zaune a hanyar da caɓin zai bi.