Ina son zuwa Yankari kallon tsuntsaye, wane lokaci ya fi?

Tambaya: Salam Malam, ni da abokaina muna shirin zuwa Yankari, amma ni ba wankan Wikki kaɗai ne zai kai ni ba, so nake in taka daji da ƙafata in kalli tsuntsaye. Wane lokaci ya fi, kuma ana barin mutum ya shiga shi kaɗai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, wallahi tambayarka ta min daɗi, don yawancin mutane da sun isa sai su faɗa ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke cikin dajin, su ɗau hoto su juyo gida, alhali dajin nan na ƙaramar hukumar Alkaleri akwai tsuntsaye sama da iri 350 a cikinsa.

Ka bari sai rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Lokacin ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, tafkuna sun ƙafe sai kogin Gaji, to dole giwa da ɓauna da gwanki su gangaro shan ruwa, tsuntsayen ma can suke taruwa, har da baƙin da suka gudo wa sanyin Turai. Da damina kuwa ciyawa ta fi ka tsayi, hanya ta caɓe.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne sammako. Kana idar da sallar asuba ka fita, ka yi shiru, wayarka ma ka kashe mata ƙara. In ka yi sa'a za ka ji gunjin burtu tun kafin ka gan shi, baƙi wuluk yana takawa a ƙasa kamar wani dattijo, ga cilakowa tana tsalle reshe zuwa reshe, ga zabin daji suna tsallaka hanya a jere. Rana na ɗagawa duk sun shige inuwa. Ka nemi madubin hangen nesa ko na aro ne, ka guji kaya baƙi ko shuɗi don su ƙudan tsando ke bi.

Maganar shiga kai kaɗai kuwa, a'a. Giwa mai ɗa ba ta wasa, sai da ma'aikacin gandun da ya san sawu, shi zai nuna maka inda aka yarda a sauka daga mota a taka, ka ce ya kai ka kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey. Kuma ka rufe ɗakinka da kyau, gwaggon birin Wikki har leda yake fizgewa a hannun mutum.

In doguwar tafiyar ƙafa da hawan dutse kake so, wannan sai gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, inda Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya.