Tambaya da Amsa: Ko tsofaffin wasannin Star Trek sun cancanci a koma musu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan na kammala kallon tsohon shirin Star Trek, sai na ji an ce an yi wasannin kwamfuta da dama a kansa tun shekaru da yawa da suka wuce. Shin har yanzu suna da daɗin bugawa, kuma da wanne ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wasu suna da daɗi har gobe, wasu kuma zamani ya riga ya wuce da su, kuma abin da ya raba su, a ganina, shi ne ko wasan ya fahimci abin da shirin yake a kai. Shirin da Gene Roddenberry ya ƙirƙira, wanda tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 1966 zuwa 1969, ƙarfinsa yana cikin muhawara da bincike da yanke hukunci mai wuya, harbe-harbe kuwa ɗan ƙari ne kawai. Wasannin da suka riƙe wannan sun tsufa da mutuncinsu, waɗanda suka dogara da kyan hoto kuwa yau idonka ba zai jure musu ba.

Ka fara da Star Trek: 25th Anniversary, wanda kamfanin Interplay ya fitar a 1992. An tsara shi kashi-kashi kamar shirin talabijin, kowane kashi da sunansa da matsalarsa. Za ka sauka a wata duniya da mutum huɗu, wato Kyaftin Kirk da Spock da Likita McCoy da wani mai gadi sanye da jar riga, kana jan ragamarsu da linzamin kwamfuta. Idan ka ga wani baƙon abu a ƙasa, sai ka sa Spock ya auna shi da na'urarsa, idan kuma majinyaci ne sai McCoy ya duba shi, su biyun kuma ba sa rasa 'yar tsamar nan da ka sani a tsakaninsu. Bindigar ma saiti biyu gare ta, na sumarwa da na kashewa, kuma a ƙarshen kowane kashi wani babban hafsa zai ba ka maki gwargwadon yadda ka tafiyar da al'amarin. Wanda ya yi gaggawar harbi ko ya bari mai jar riga ya mutu, makinsa raguwa yake yi. Ka nemi bugun faifan CD, domin a cikinsa ainihin 'yan wasan shirin ne suka sa muryoyinsu.

Abu biyu zan gargaɗe ka a kai. Na farko, taswirar taurarin da za ka zaɓi inda kumbon zai nufa tana cikin littafin da ake sayar da wasan tare da shi, dabarar da aka yi a lokacin don hana satar fasaha, kuma idan ka zaɓi tauraron da ba shi ba, abokan gaba ne za su tare ka. Saboda haka ka buɗe littafin kusa da kai tun kafin ka fara. Na biyu, yaƙin kumbo na ƙarshe yana da wahalar da ta wuce kima, har mutane da yawa sun ajiye wasan a nan.

Daga shi sai Judgment Rites na 1993, shi ma na Interplay, wanda ni na fi so, domin labarinsa ya fi zurfi, kuma an ba mai wasa damar sauƙaƙa yaƙin kumbo. Bugunsa mai murya shi ne karo na ƙarshe da DeForest Kelley ya taka rawar McCoy kafin rasuwarsa a 1999.

Idan kuwa faɗa kake so, akwai Voyager: Elite Force na 2000, wanda Raven Software suka gina a kan fasahar wasan harbi na Quake III, da Bridge Commander na 2002, inda kake zaune a kujerar kyaftin kana ba jami'anka umarni maimakon ka tuƙa kumbon da kanka. Tsohon wasan rubutu zalla da Mike Mayfield ya rubuta a 1971, wanda ake farautar jiragen Klingon, wato abokan gaba a shirin, a cikin taswira mai gida takwas sau takwas, darajarsa ta tarihi ce, kuma rabin awa ya ishe ka ka ɗanɗana shi.

Batun kunna su ba shi da wuya yanzu. Wasannin Interplay an yi su ne don tsarin DOS, wanda kwamfutar yau ba ta karanta shi kai tsaye, amma manhajar DOSBox tana kwaikwayon tsohuwar kwamfuta ta kunna su lafiya. Kasuwar GOG ta intanet ta sake fitar da su a 2015 a haɗe da wannan manhajar, sannan a 2021 ta ƙara Elite Force da Bridge Commander da aka gyara don Windows na zamani. Dukansu da Turanci suke, kuma ka riƙa adana inda ka kai a kai a kai, domin wasannin na Interplay ba sa yi maka hakan da kansu.